Rumfata da Sojojin Roba

Na san abin da ake faɗa muku. An faɗa wa babbanku a wurin ɗaurin aure, an faɗa wa Binta a gidan mijinta, wai ubanku yana da rumfa a bakin hanya cikin kasuwar Daura, ya ɗauka ya ba Alhaji Sani mai gwanjo, ya karɓi 'yan tsana. Ba 'yan tsana ba ne, sojoji ne, amma sauran maganar haka take. Abin da ba a faɗa muku shi ne dalili, don masu ba da labarin ba su shiga zaurenmu a shekarar ba. Bokona kaɗan ne, idona kuma ya gaji, ku yi haƙuri da rubutun.

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa yana duba abin da ke ɗakinsa, har hotunan biki an sauke daga bango an tura ƙarƙashin gado. A lokacin ne kuma wayar salula ta fara shiga hannun mutane, agogo ya fara fita. Ni kuwa gyaran agogo na iya, ban iya komai ba bayansa. Sai in wuni a rumfa ina kallon ƙafafun masu wucewa, in an kawo mini aiki to canjin batir ne. Ban ce yunwa muke yi ba. Akwai 'yar gonarmu ta wajen Dutsi, innarku kuma tana ƙuli-ƙuli. Amma hannuna ya saba da aiki, zaman banza yana cin raina.

Cikin bazarar shekarar aka kawo mini Yaya Habu a bayan mota. Ƙananan cikinku ba su san shi ba sai a suna. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Dillalin shanu ne, daga Baure har Mai'adua ba karar da ba a san muryarsa ba. In ya kama hannun mai saye da damansa ya girgiza, ciniki ya faɗa, ba mai komawa baya. Da wannan hannun ya ciyar da ni, da shi ya mare ni, da shi ya kai ni wurin wanda ya koya mini agogo. Wata ranar kasuwa yana tsaye cikin shanu ya yanke jiki ya faɗi, da aka ɗaga shi ɓarin dama ya shanye. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen aure, don haka bayan asibiti gidana aka kawo shi. Muka shimfiɗa masa katifa a zaure don ya fi iska.

Ciwon ba shi ne zai kashe shi ba, likita ma ya faɗa. Yunwa ce za ta kashe shi. Hannunsa na hagu lafiya lau, amma Yaya ya ce tun da aka yaye shi bai taɓa kai hagu bakinsa ba, hannun tsarki ne, kuma ba da furfura zai fara ba. In na gutsuro tuwo zan ba shi a baki sai ya juya fuska bango, ya ce shi ba jariri ba ne. Kunu kawai yake ɗan kurɓa in na riƙe masa kofi, shi ma sai na kau da kai kamar ban gani ba. Mutumin da ke cika ƙofa in ya shigo, ina kallo ƙasusuwan wuyansa suka fito. Na ɗauko limamin unguwarmu, tsoho mai haƙuri, ya zauna kusa da shi.

"Habu, lalura ce, addini ya yi maka sauƙi. Ka ci da hagunka."

Bakin Yaya ya karkace, maganarsa na fita da nauyi, amma ana ji.

"Na sani, Allah gafarta Malam. Halal ne. Ni ne ba na so."

Ana cikin haka Alhaji Sani, wanda shagonsa ke manne da rumfata, ya leƙo da wani kwali a hammata. Kayan gwanjo yake sarowa daga ƙetaren iyaka, takalma, jakunkuna, tukwanen Turawa, wani lokaci har abin da shi kansa bai san sunansa ba.

"Mai agogo, zo ka ga wani shirme. A cikin dila na same shi, ko buɗe ledarsa ba a yi ba. Tunda ƙuda kake kora, haɗa mini shi, ka faɗa mini ko abin kuɗi ne ko na ba jikoki su farfasa."

A saman kwalin an zana yaƙi, hayaƙi da tutoci. A ciki kuwa ba soja ko ɗaya da ke tsaye. Gaɓoɓi ne na roba ruwan toka, manne a jikin wasu sanduna kamar 'ya'yan itace a reshe: ƙafafu daban, gangar jiki daban, hannuwa riƙe da bindiga daban, kawuna a jere ƙanana kamar ƙwayar dawa. Akwai igwa mai ƙafafun keke, ita ma gunduwa-gunduwa. Akwai 'yan kwalaben fenti, burushi siriri, gam, 'yar rula, ƙwayoyi masu ɗigo irin na ludo, wata babbar takarda mai zanen fili da rafi da gada, da littafi na Turanci wanda hotunansa kawai na iya karantawa. Na ce zan kai gida in yi, don in riƙa ganin Yaya.

Innarku tana ganin abin da na baje a tabarma ta ajiye tire.

"Malam, mene ne wannan? Gumaka za ka ƙera mini a gida? Ga mara lafiya a kwance, ka kori mala'ikun rahama, sai wa ya shigo?"

"Aikin Alhaji ne, Hajara."

"To Alhaji ba shi da zaure?"

Ba ta yi ƙarya ba, ni ma abin ya tsaya mini. Na koma na ɗauko Liman. Na ba shi gilashin ido ɗaya da nake duba cikin agogo, ya manna a idonsa, ya ɗaga reshen kawunan ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah! Ilu, wannan har gashin baki gare shi. Wannan kuma ihu yake yi."

Da ya gama kallo ya gyara zama ya ce matsalar a kai take. Sura in ba kai, ba sura ba ce. Tunda Allah ya sa kawunan daban suka zo, in haɗa komai in bar su. Na ce ko in manna ƙwayar dawa a wuya don kada su yi muni? Ya ce ai ka sa masa kai ke nan. Ƙwayoyin ludon kuwa ya tattara ya zuba a aljihu, ya ce waɗannan ƙannen caca ne, zai ajiye wa Alhaji. Na kakkaɓe kawunan cikin gwangwanin tumatir na rufe. Innarku ta ce ita dai ba za ta share inda suke ba, amma ta yarda.

Na fara aiki a zaure, Yaya na kwance ya ba ni baya. Da abin yankan farce nake cire gaɓoɓin daga reshe, in kankare tabon da reza, in kama da hantsakin agogo in manna. Gam ɗin kwalin ya bushe, sai na sayo sufa gulu, wanda ya fi manne yatsuna fiye da sojojin. Na farko na sa masa hannu a juye, ya zama kamar yana harbin ƙafarsa. Amma ina ci gaba ina ganin abin da ke hannuna. Wanda ya zuba robar nan ya san aikinsa. Kowane hannu da raminsa, in ka sa daidai yana shiga ya zauna kamar murfin agogo mai kyau, ba gibi. Har igiyar takalmi da maɓallin aljihu an fitar. Na ga aibu kuma. Fenti biyu sun daskare kamar dutse, ƙafar igwa ɗaya a tsage take, takardar filin kuwa ba ta da kauri, sai da na manna ta a jikin katako. Runduna biyu ce, ɗaya ta fi yawa, ɗaya kuma ita ke da igwa. Na shafa wa masu yawan kore, masu igwar ja. Rabona da in ji daɗin yatsuna haka tun kafin waya ta zo.

Da na gama wasu na jera su a kan filin yadda na ga dama, sahu ɗaya a bakin rafi, igwa a gaba. Ban san Yaya ya juyo ba sai da na ji muryarsa.

"Wane sakarai ne ya jera waɗannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Na sani. Ka bar gada a buɗe. Ko shanu kake tsallakarwa ai ka sa mutum a mashiga. Matsar da wancan."

Na matsar da wani daban, wallahi bisa kuskure.

"Ba shi ba! Mai durƙuson!"

Karo na biyu da gangan na ɗauki wanda ba shi ba. Ya yi tsaki, ya zage ni zagin da rabona da jin sa tun ina yaro, sannan ya miƙo hannun hagu, ya ɗauki sojan da yatsu biyu ya dasa shi a bakin gada. Na sunkuyar da kai ina kankare wata ƙafa.

Za ku ce me ya sa ban tona masa ramukan dara ba tun farko, tunda shi gwanin dara ne. Na yi, ya ƙi ko kallo. Daga baya na gane dalili. Dara da dama ya yi ta duk rayuwarsa, haka cin tuwo, haka gaisuwa, haka ciniki. Duk abin da na kawo masa yana tuna masa hannun da ya mutu. Wannan wasan kuwa bai taɓa yin sa da dama ba. Ba abin da hagu za ta ji kunyarsa.

Littafin bai amfane mu da komai ba sai hotuna, ƙwayoyin kuma suna aljihun Liman, don haka Yaya ya kafa nasa dokokin. Soja yana tafiya tsawon ɗan yatsa. Bindiga tana kaiwa rabin rula, igwa rula guda, amma in ta yi harbi sai ta huta zagaye ɗaya. In biyu suka auna ɗaya, an ci shi. Wanda ya shiga rafi ba ya harbi. Ya ɗauki jajaye masu igwa, ya bar mini koraye, kuma kullum sai ya cinye ni. In na fara samun galaba sai wata sabuwar doka ta fito.

"Yaya, jiya ba haka ka ce ba."

"Jiya ba a yi ruwa ba. Yau rafin ya cika."

Ya fara zama da kansa ya jingina da bango. Ya fara tambaya ko na gama masu tuta. Ya sa na juya masa bayan kwalin, ya ga hotunan motocin yaƙi da gidaje waɗanda babu su a ciki, ya yi dariya da rabin baki ya ce masu abin nan 'yan kasuwa ne, ɗanɗano suka ba mu irin na mai kilishi, don mu dawo neman ƙari. Duk da haka tuwo in an kawo yadda aka ajiye haka ake ɗauka. Hannun da ke ɗaukar soja bai yarda ya je kwano ba. Na dai ga hanya ta buɗe, ban san tsawonta ba. Sai na fara jan aikin, don kada Alhaji ya karɓi kayansa da wuri. Sojan da zan gama da hantsi sai in kai shi la'asar.

Damina ta sauka sosai lokacin da Alhaji Sani ya gaji da jira ya zo har gida. Ya gaida Yaya, ya durƙusa yana kallon filin.

"Kai, mai agogo, ashe kai ma maƙeri ne. To ina kawunansu?"

Na miƙa masa gwangwani na faɗa masa hukuncin Liman. Ya girgiza shi ya ji ƙara, ya ce ba komai, mai saye ya manna da kansa ya ɗauki zunubin. Sannan ya tambaye ni abin da ya kawo shi: abin kuɗi ne ko shirme? Kafin in buɗe baki, tsohon dillali ya farka.

"Sani, kayanka ba kai, igwa gurguwa, fenti ya mutu. Ko kyauta ka kai wa yaro sai ya yi kuka. Bar shi nan, a ba ka goro."

Alhaji ya bushe da dariya.

"Yaya Habu, ashe ka warke! Ni Ilu na tambaya."

Da na ce shirme ne, da ya bar shi ya tafi, don bai san komai a kai ba. Amma amana ya ba ni, idona ya aro. Na ce masa ba abin wasan yara ba ne, na manya ne masu sha'awa. Na nuna masa yadda aka zuba robar, na nuna masa tsagin igwa da fentin da ya bushe. Na ce a Daura ba mai saye, amma a Kano in ya samu wanda ya san shi, zai fi dilar takalma kawo masa riba. Yaya ya kalle ni kamar zai tofa mini yawu, sannan ya juya fuska bango, yadda yake yi a da. Alhaji ya ce dama ya yi wa wani mutum magana a can, motar kayansa za ta tashi bayan Juma'a, in shirya masa komai a kwali.

Na raka shi waje. Muna tafe ina ganin bayan Yaya a idona. Kuɗin da zan saya ba ni da su, ko rabinsu. Amma na san abin da Alhaji ya daɗe yana so. Ya sha yi mini maganar rumfata, yana son ya fasa bango ya faɗaɗa shago, ina ce masa a'a.

"Alhaji, ka bar mini kwalin, ka ɗauki rumfar."

Ya tsaya cak.

"Ilu, lafiyarka? Rumfar ta fi shi nesa ba kusa ba. Kada gobe a ce na cuce ka."

"Ni na kawo maganar."

Ya yi ta juya hularsa. Ɗan kasuwa ne, amma ba azzalumi ba. Ya ce to zai ɗora mini buhun gero da tsohon kekensa a kai, kuma sai a gaban shaidu. Aka yi a gaban Liman da wasu dattawa biyu bayan sallar la'asar, kafin magariba labari ya gama kasuwa. Na kwaso teburina da akwatin kayan aiki na kafa a ƙofar gida, inda kuka taso kuka same ni ina gyaran tocila da rediyo. Ba a samu kamar a kasuwa ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Akwai sallar da ba ku samu sabbin kaya ba saboda wannan, akwai shekarar da innarku ta sayar da akuyarta. Na san abin da na bayar.

Na so in ɓoye wa Yaya, amma innarku ba ta iya faɗa a hankali ba. Washegari da rana tana tsakar gida tana kwashe tuwo, muryarta har zaure.

"Rumfa sukutum! Mutane na sayen fili, nawa mijin ya sayo mutanen roba, su ma ba kai! Me zan ce wa 'yan'uwana?"

Da na shigo da kwanon na tarar Yaya a zaune, idonsa ja.

"Gaskiya ne abin da yarinyar nan ke faɗa?"

"Gaskiya ne, Yaya."

"Rumfar bakin hanya? Mai kallon gabas?"

"Ya ɗora gero da keke."

"Gero da keke! Ni na rene ka, a gidan dillali ka tashi, ka tsaya ka yabi kayan mutum a gabansa sannan ka taya? Ko ɗan maraƙi ba a saye haka. Da ka bar ni da shi, da goro zai tafi yana godiya. Kai Ilu, wallahi kai wawa ne. Tun kana yaro haka kake."

Na ajiye kwanon a gefen filin, tuwon dawa da miyar kuka, na zauna. Na fara jera korayena. Ya yi ta huci yana kallona, yana kallon sojojin, har numfashinsa ya sauka. Can ya ce in matso da buta. Na zuba masa ruwa ya wanke hagun, ya daɗe yana murza yatsun da junansu. Ya jawo kwanon gabansa.

"In na mutu, mutanen garin nan har wandonka sai sun saye. Juya can, kada ka kalle ni."

Na juya. Na ji ya yi bisimilla, na ji ƙarar kwano. Innarku ta taho da ruwan sha, ta kai bakin ƙofa ta gani, sai ta koma da baya a hankali, ban ƙara jin muryarta ba ranar. Ina fuskantar bango ina share ido da hannun riga, har na ji ya yi gyaran murya, bakinsa cike da tuwo.

"Ka ce wa Hajara gishiri ya yi kaɗan. Kuma in ka gama kukan, wasanka ne."